Ka Ci Abinci?

Urmila ta danna maɓallin aikawa, ta jawo aljihun tebur, ta zuba wa wayoyin nan huɗu ido tana jiran su yi ƙara. Tsofaffin wayoyi ne na gwaji, ɗaya gilashinta a tsage, ɗaya sai da aka ɗaure ta da roba. Shekara shida ke nan wannan ne aikinta. Duk lokacin da za a saki sabon zubin manhajar kalandarsu, ita ce ke bin sa lungu-lungu, ta danna duk abin da ke dannuwa, sannan ta tura wa wayoyin nan saƙon gwaji ta ga ko yana isa. Yau ko ɗaya ba ta motsa ba.

Sai ga ƙara daga can ƙarshen ofis, cikin jakar Pabitra.

Pabitra ce mai zana fuskar manhajar. Tana durƙushe tana kokawa da zif ɗin akwatinta, motar garinsu za ta tashi ƙarfe biyu. Ta lalubo wayar, ta karanta da ƙarfi tana dariya.

"'Ka ci abinci? Na san halinka, kada ka wuni da shayi kaɗai.' Kai! Didi, ji abin da manhajarmu ta turo min. Wa ya rubuta wannan?"

Didi, wato yaya, kowa ke ce wa Urmila a ofishin, har maigidan, don ta girme wa babbansu da shekara goma sha biyar. Ta ɗaga kai ta dubi saman kwamfutarta. Layin da ke can sama kore ne idan kana shafin gwaji, ja ne idan kana shafin jama'a. Yau ja ne jawur. Nan take ta tuna: da safe Prajwal, mai kamfanin, a kan kwamfutarta ya saki sabon zubin, don tasa tana cikin jaka yana saurin kama motar Butwal. Ya gama ya tashi bai fita daga shafin ba. Ita kuwa shekara shida layin nan kore ne, wa ke duba shi?

Dariyar Pabitra ta tsaya. "Didi, mutum nawa?"

"Duk wanda sabon zubin ya riga ya kai gare shi."

"Kashi ashirin cikin ɗarin nan?"

"Dubu sittin da ɗaya," in ji Urmila, muryarta ƙasa-ƙasa.

Su masu gwaji kowa da abin da yake rubutawa. Wani ya sa "gwaji gwaji", wani ya dafa hannu a kan haruffa duk abin da ya fito shi ke nan, tunda ba mai karantawa sai waya. Urmila ma haka take yi a da. Amma wata goma sha tara ke nan ba ta yi magana da ɗanta ba. Nischal yana Fukuoka a ƙasar Japan, da rana makaranta, da yamma yana jera abinci a kwali a wata masana'anta. Da mahaifinsa ya rasu bai zo zaman makoki na kwana goma sha uku ba. Ya ce idan ya fito takardunsa za su lalace. Ita kuma tana zaune a ƙasa cikin fararen kaya, ɗan ƙanen mijinta ne ya aske kai ya yi abin da ɗa ke yi, sai ta ce masa a waya: "Ka rasa uba, ka haɗa da uwa." Ya kashe. Bai sake kira ba. Ita ma, da taurin kan gidansu, ba ta kira ba. Tun daga nan duk abin da ya cika mata baki, wayoyin aljihun tebur take gaya wa.

Wayarta ta yi ƙara. Prajwal ne. A bayansa ana jin hon ɗin mota da kukan akuya.

"Didi! Didi, me ya faru? Surukata ta kira ni yanzun nan, wai in gaya wa kamfani ta ci ta ƙoshi, ta gode!"

"Kuskurena ne. Ban duba layin ba."

"Haba Didi, ke fa? Ke da kike kama mu da ɗigo ɗaya?" Da alama ya tuna wanda ya bar shafin a buɗe, don muryarsa ta sauko. "To, ya riga ya faru. Ki dakatar da sakin a kashi ashirin ɗin nan, kada ya ƙara ko mutum ɗaya. Ki rubuta ban-haƙuri, gajere, ki ce kuskuren gwaji ne. Ki zauna ki sa ido zuwa yamma. Tunda ke ba inda za ki."

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Gaskiya ce kawai, shi ya sa ta fi ciwo. Kwana uku ya rage a shafa tika, babbar ranar bikin Dashain. Duk Kathmandu ta kwashe ta yi gida, kowa zai je ya sunkuyar da goshi gaban manyansa su manna masa jar shinkafa su sa masa albarka. Don wannan ma aka yi ta gudu da sabon zubin, domin shi ne zai nuna wa 'yan ƙasar da ke waje daidai lokacin tika da agogon inda suke. Kuma shekara biyu ke nan ba a ko tambaya wa zai tsare ofis a Dashain. An sani.

Pabitra ta tsaya a bakin ƙofa da akwatinta. "Ki rufe ki zo mu tafi Lamjung mana, Didi. Innata tana son baƙi, sai ta cusa miki nama har kin roƙe ta."

"Tafi, motarki za ta bar ki."

"Ke kin ma ci abincin kuwa? Kina tambayar mutum dubu sittin!"

"Ki tafi, mai surutu."

Ta tafi. Ofishin ya yi tsit, kujeru tara babu kowa, sai wata na'ura da ke ta gurnani a kusurwa. Ko mai facin taya na ƙasan bene ya rufe.

Urmila ta buɗe akwatin da jama'a ke rubuto ƙorafi. A rana ta ƙwarai saƙo goma ke shigowa. Yanzu akwai ɗari huɗu da wani abu, kuma tana kallo suna ƙaruwa.

Na farko wani ne daga nan cikin gari: "Ina ruwanku da cikina? Kalanda na sauke, ba uwa ba." Ta yi murmushin dole. Wani ya ce a turo abincin in da gaske ake. Wata ta tambaya ko gasa ce, me za a ci. Daga nan sai na waje suka fara shigowa.

"Na ci, biredi da shayi. Ya aka yi kuka sani? Ina gadi a Johor, shekara huɗu."

"Ina kula da wata tsohuwa a Cyprus. Kullum ni ke tambayar ta. Tun da na zo ba wanda ya tambaye ni da harshenmu. Na shiga banɗaki na yi kuka. Ko waye ya rubuta, na gode."

"Ban ci ba, sai an tashi aiki. Wannan maganar mahaifiyata ce sak. Ta rasu bara."

Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Doha, Sydney, Seoul, Lisbon. Ta ce wa kanta aikinta take yi. Ƙarya take. Gefen da ake nuna sunan gari kawai idonta ke bi, tana neman Fukuoka. Sau biyu ta gan shi. Na farko wata yarinya ce, na biyu wani mai suna Tek Bahadur.

Ƙarfe uku ta yi abin da ita da kanta take hana sababbin ma'aikata. Ta shiga jerin masu amfani da manhajar ta rubuta adireshin imel ɗin Nischal. Ba ta manta shi ba, ita ta buɗe masa tun yana sakandare. Ba wani abu mai yawa ake gani ba, layi uku ne. Ƙasa: Japan. Buɗewa ta ƙarshe: yau da safe. Zubi: tsoho.

Ta daɗe tana kallon layin na biyu. Ashe bai goge ta ba. Ya san uwarsa ce ke gwada wannan kalandar, kuma yau da safe ya buɗe ta. Ko ranar tika yake dubawa, ko kwanan rasuwar ubansa, oho. Sai layi na uku ya dawo da ita. Tsohon zubi. Nischal ke nan! Tun yana yaro sai an bi shi da faɗa kafin ya canza ko buroshin haƙori. Mai gadi a Johor ya samu saƙon, surukar Prajwal ta samu, mutum dubu sittin da ɗaya sun samu. Wanda aka rubuta dominsa ne kaɗai bai samu ba.

Shafin Prajwal yana nan a buɗe, layin nan ja. A wajen zaɓen masu karɓar saƙo akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "kowa da kowa". Idan ta taɓa shi, tsohon zubi da sabo duk za su samu, mutum dubu ɗari uku da 'yan kai. Ta sake rubuta saƙon, kalma bayan kalma. Ta taɓa akwatin. Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Za ta iya rasa aikinta, ta sani, amma ba shi ne ya tsayar da hannunta ba. Abin da take so ta gani sarai: saƙon ya isa gare shi ba da sunanta ba. In ya yi shiru, ta ce ai kalanda ce ta yi magana, ba ita aka yi wa shiru ba. Kunya ta kama ta ita kaɗai a ofis. Mace mai shekara arba'in da tara, ta fi ƙarfin zuciyar damun mutum dubu ɗari uku a kan ta tambayi mutum ɗaya.

Ta goge. Ta dakatar da sakin a kashi ashirin. Ta rubuta ban-haƙurin yadda aka ce, layi biyu, ta karanta sau uku, ta aika wa dubu sittin da ɗayan. Ba a yi minti ɗaya ba matar Cyprus ta sake rubutowa: "Ko kuskure ne, na riga na karɓa." Urmila ta fita daga shafin, layin ya koma kore. Ta mayar da wayoyin huɗu, ta rufe aljihun.

A ƙafa ta koma gida. Titin da kullum sai ka yi faɗa da babura kafin ka tsallaka, yau kana iya kwanciya a tsakiyarsa. Wani mutum ya wuce ta yana jan akuya biyu da igiya ɗaya, yana zagin su. A gida ta ɗora shinkafa da miyar waken dal, ta zuba a faranti, ta zauna a kan tabarmar kicin. Ƙarfe biyar da rabi. A can tara saura kwata, ba ta buƙatar manhaja ta gaya mata, wata goma sha tara tana wannan lissafin.

Ta ɗauko wayarta, tata ta kanta. Sunansa ya yi ƙasa sosai, sai da ta yi ta ja kafin ta same shi. Abu na ƙarshe a wurin shi ne kiran nan, minti biyu da daƙiƙa goma. Ta so ta fara da ban-haƙuri, ta rubuta ta goge, ta so ta yi bayani, ta rubuta ta goge. A ƙarshe abin da hannunta ya saba ne ya fito. Ta aika, ta kife wayar a kan tabarma kamar mai zafi.

Ta kai loma ɗaya baki, ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Ta juyo da wayar. Ya karanta. Aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, har ta fara shirin karɓar duk abin da ta cancanta. Ya sake tsayawa.

Sai ga saƙo ya shigo, kalma huɗu, ta ƙarshen ita ce uwa da harshensu.

"Ban ci ba, Aama."

Ta dubi tukunyar. Kamar kullum, ta auna shinkafar ta fi ta mutum ɗaya. Ta zauna da wayar a hannu ɗaya, farantin yana hucewa a gabanta, ta fara rubuta masa faɗa.