Abin da Mai Wankan Gawa ta Gani

Onarabul Shee Lali ya ɗaga ɗan kofin roba sama, yana juya shi don kowa ya gani.

"To ga shi, gwamnati ta zama dila," in ji shi. "Da a ɓoye suke sha a bayan kasuwar kifi. Yanzu kullum safiya da harajinku ake tsiyaya musu, har da layi da kati, a jikin makarantar 'ya'yanku. In na koma majalisa, sai wannan asibiti ya bar mana unguwa."

Zauren taro ya ɗauki tafi. Zaɓe saura wata huɗu, ga shi an raba shayi da soyayyen burodin nan mahamri a ƙofa, tafi kuwa ba ya wuya ga wanda ya ƙoshi.

Wata dattijuwa, Bi Mwanakombo, ba ta tafa ba. Tana can ɓangaren mata, ta naɗe hannu cikin mayafi, zuciyarta na tafasa. Abin da ke cikin kofin nan, maganin da ake kira metadon, shi ya dawo mata da 'yarta Riziki. Shekara shida yarinyar tana allurar hodar da suke kira unga, har tukwanen gida ta kwashe ta sayar. Yanzu wata goma sha huɗu ke nan tana zuwa asibitin da sassafe, ta shanye a gaban nas, ta wuce wurin suyar kifinta. Ta yi kumatu, ta koma sallah, har ta fara yi wa uwarta faɗa kan gishiri. In aka mai da asibitin birni, tafiyar awa biyu ce a motar haya, kullum, ba fashi. Kwana biyu kacal aka tsallake, jiki zai soma neman tsohon abinsa, dilolin kuwa suna nan ba su yi ƙaura ba.

Mwanakombo ita ce mai wankan gawar mata a unguwar, sana'ar da ta gada daga kakarta tare da dokarta guda: abin da ido ya gani a jikin mamaci, a ɗakin wanka yake zama. Shi ya sa take kallon matan da ke tafi tana jin ɗaci. Ta san hannuwan 'ya'yansu. Ta san wadda aka ce zazzaɓi ne, da wadda aka ce ciwon zuciya. Ta kuma san hannun ƙanwar Onarabul kansa, wadda ta wanke shekara uku da suka wuce, babu sauran jijiyar da allura ba ta huda ba. Kalma ɗaya tak, kofin nan zai faɗi daga hannunsa.

Ta miƙe tsaye.

"Mama Riziki," ya ce yana murmushi. "Ke ai mun san inda ya shafe ki."

"Ya shafe ni, ɗana, ban ɓoye ba. Amma ba zancen 'yata na kawo ba, zancen aikina ne." Ta juya ta fuskanci mata. "Shekarar ƙarshe kafin a buɗe asibitin nan, 'yan mata goma sha ɗaya na wanke saboda unga. Tun da aka buɗe, biyu."

"Su wane ne? Faɗi sunayensu, in gaskiya ne."

Ta dube shi. Murmushin na nan. Ya san ta sani, ya kuma san ba za ta faɗa ba, da amanarta yake caca. Sunan ya zo mata har kan harshe, ta haɗiye shi. Yarinyar ba ta yi mata laifin komai ba.

"Ba na tona matattu," ta ce. "Iyayensu mata suna cikin ɗakin nan. Wadda ta ga dama ta tashi ta tsaya tare da ni."

Ta jira. Wata ta gyara mayafi, wata ta shiga lallashin jikan da ba kuka yake ba. Mahaifiyar Onarabul tana layin gaba, ta zuba wa tazbaharta ido. Babu wadda ta tashi.

Da aka ce a ɗaga hannu, masu son a ɗauke asibitin suka cika ɗaki kamar gonar rake.

* * *

Wata biyar bayan nan aka sa wa ƙofar asibitin kwaɗo.

"Mama, ki kwanta abinki, ni fa ba yarinya ba ce," Riziki ta ce washegari, tana ɗaura zane.

"Na ji, uwata. Ɗauki katinki mu tafi."

"Kullum za ki riƙa bi na birni? Da wannan gwiwar taki mai ƙara kamar ƙyauren shago?"

"Kullum. Ran da gwiwar ta ƙi, ki goya ni."

Hanyar tasha ta gaban tsohon asibitin ta bi. A gindin katangar wata yarinya ce zaune, Zuhura, wadda ke bayan Riziki a layi kowace safiya. Ba ta da uwa a garin, ba ta da mai tashinta. Ta rungume gwiwoyi tana rawar sanyi cikin zafin nan, hancinta na zuba.

"Sun ce a birni ne yanzu," in ji Zuhura. "Ni ban san ma ina ne ba. Gobe na je."

Mwanakombo ta tsaya a kanta. Ba da son ranta ba idonta ya bi yarinyar daga ka zuwa tafin ƙafa, ya auna, ya ba ta amsa: likkafani yadi goma zai isa, har ya yi saura.

Ta sunkuya ta damƙe tsintsiyar hannun yarinyar.

"Tashi, mota ba ta jira," ta ce. "Ban shirya wanke ki ba."