Hayaƙin Hambali Mai Hoto

Hambali mai hoto maci amana ne, kuma da gangan ya ƙone dutsen mutane. Duk wanda ya ce tsautsayi ne ƙarya yake yi.

Bazazzagi ne, yana da shago a unguwar Sintali ta Jalingo zamanin da Turawa ke mulki. Akwatin hotonsa irin mai ƙafa uku ne da baƙin ƙyalle, da gilashi a gaba wanda ake murɗawa da hannu har abu ya fito sarai. Ya ji labarin wani Bature a bariki yana son hoton fitowar rana daga kan duwatsun bayan Jalingo, sai ya ƙudura shi zai kai masa, don a riƙa ce masa mai hoton Turawa.

Hanyar hawa kuwa ba kowa ya sani ba. Njidda ya sani. Makiyayi ne, shanunsa suna cin rani a gindin dutsen da yardar Manga, dattijon mutanen wurin. Sharaɗi ɗaya Manga ya gindaya masa: ba a sa wa ciyawar dutse wuta sai mutanensa sun gama yankan ta jinka, shi da bakinsa ya ba da izini. Ranar da Njidda ko baƙonsa ya karya wannan, ranar shanunsa za su bar ƙoramar wurin. A shekarar kuma kogin Mayo Gwoi ya koma yashi, ba wani ruwa kusa da zai riƙe garke.

Njidda bai so rakiyar ba. Amma a zauren Hambali yake sauka duk ranar kasuwa, kunya ta hana shi ƙi. Ya dai faɗa masa sharaɗin, Hambali ya rantse da Allah.

Suka kama hawa bayan sallar asuba. Njidda na ɗauke da akwatin, Hambali na bayansa yana haki yana zagin duwatsu.

"Kai, ɗan Fulani, hanyar awaki ka biyo da ni?"

"Malam, awaki ba su yawan magana haka. Taka a hankali."

Suna kaiwa ƙoli gabas ta fara ja. Hambali ya kafa ƙafafun, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya murɗa gilashin dama, ya dawo da shi hagu, ya ja tsaki.

"Sarari fetal! Wannan ai kowane sakarai zai ɗauka. Hayaƙi nake so, rana ta keto ta cikinsa layi-layi."

Ya zaro ashana. Njidda ya cafke hannunsa.

"Malam, ka rantse."

"Ɗan tsibi ɗaya ne fa. Sake ni, kada ka shafa mini man shanu a riga."

"Ko tsinke ɗaya, a'a."

Hambali ya mai da ashanar aljihu, ya yi dariya kamar wasa yake. Sa'an nan ya ce ya manta jakar farantan hoto a inda suka huta, ya roƙi Njidda ya ɗauko kafin rana ta fito. Njidda ya gangara. Bai kai ga jakar ba ya ji ƙaurin ciyawa.

Da ya dawo a guje wutar ta riga ta fi ƙarfin mutum. Iskar safe ta ɗauke ta, tana cin gangare tana nufar rumbunan mutanen Manga. Njidda ya karya reshe yana duka, tafin ƙafarsa na ƙuna, yana jin ihun mata daga ƙasa. Hambali kuwa kansa na cikin ƙyalle, yatsunsa na kan gilashi.

"Dubi haske! Wallahi dubi haske! Ina farantan? Kauce mini daga gaba!"

Sai da rumbuna suka kama sannan ya fito da kansa ya ga abin da ya yi. Nan take ya fara naɗe kaya.

"Mu sauka ta baya. In an tambaya, mafarauta ne."

Njidda ya dube shi. Idan suka gudu, kafin azahar za a kore masa shanu, kuma ya san waɗanda za su fara faɗuwa a hanya. Ya sa hannu ya kwance gilashin daga akwatin, ya jefa a aljihu, ya ɗaga sandarsa.

"Ta gaba za mu sauka, Kaɗo. Wuce."

"Ni? Ni da kake kwana a zaurena?"

"Wuce!"

Manga na tsaye a kan tokar dawarsa sa'ad da suka iso. Samari sun kewaye su da gatura. Njidda ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage nasa laifin ba, ya ajiye gilashin a ƙasa.

"Kai ka hau da shi," in ji Manga.

"Ni ne, Baba."

"Kai kuma ka sauko da shi." Tsohon ya kalli dutsen da ya koma baƙi. "Shanunka su sha ruwa. Ciyawa kuwa, ka ga abin da ya rage."

Hambali ya fara cewa shi mutumin Bature ne. Manga ya ɗauki dutse ya farfasa gilashin a gabansa. Aka tasa ƙeyar Hambali zuwa Jalingo, alƙali ya sa aka yi masa bulala a bakin kasuwa, ya ƙare ranin a gidan yari yana yankan ciyawar jinka.