Wanda Ke Tsayawa Farko

Bas ɗin da ke zuwa garin Udvarhely ta sake faɗawa rami, Domokos ya ƙanƙame kwandon da ke cinyarsa. A ciki akwai kofin azurfa na majami'a, da 'yar kwalbar ruwan inabi, da gutsuren burodin sabuwar alkama. Fasto Emese tana gyangyaɗi kusa da shi, don ƙauyuka uku take yi wa hidima.

Da safe an yi jibin Ubangiji na godiyar kaka a majami'ar ƙauyensu, ibadar da ake cin burodi a sha ruwan inabi daga kofi ɗaya. Maza kan tsaya ne bisa shekaru, babba ya fara sha. Su shida suka rage. Shekara sittin Domokos yana shan kofin bayan maƙwabcinsa Mózes, wanda ya girme shi da kwana tara. Sha ɗaya daga cikin shekarun nan ba sa magana, saboda wani itacen tuffa da ya tsiro a kan iyaka. Yau Mózes, wanda yanzu shi ne na farko a layi, yana asibiti. Da fasto ta yafito Domokos zuwa gaba, sai ya bar gurbin mutum ɗaya, ya kuma ƙi sha. Ta lallashe shi har ta gaji, ta ce to su tafi asibitin tare da kofin.

Sun sami Mózes ya rame, da roba a hanci. Gashin bakin ne kawai bai ragu ba.

"Ɓarawon tuffa," in ji shi. "Ka zo duba ko na ba ka wuri?"

"Tuffar taka duk tsutsa ce. Tashi ka sha, ka tsare mini layi."

Nas ta ce an hana shi haɗiyar komai. Fasto ta yi addu'a a taƙaice, ta ce Allah ɗaya ne, suka amsa. Ta kai kofin bakin Mózes, ya jiƙa leɓe kawai. Domokos ya karɓa, ya juya shi zuwa inda leɓen ya taɓa, ya sha.

Mózes ya rufe ido. Ya ce likita ya gaya masa gaskiya, ba zai ga jibin Kirsimeti ba, don haka Domokos ya daina shirme ya tsaya gaba.

Domokos ya daɗe yana goge kofin. Shi duk tsawon shekarun nan kunnen Mózes na hagu yake kallo a layi, mai wani gashi guda da ke rawa idan ana waƙa.

"To wanda ke farko, ina yake sa ido?"

"Bango. Akwai tsaga ƙarƙashin taga, kamar kan akuya. Yanzu ta fara fid da ƙaho na biyu."

"Da ka faɗa mini tuntuni."

"Muna magana ne?"

Fasto ta duba agogo, ta ce bas ɗin ƙarshe ƙarfe huɗu ce. Domokos ya miƙa mata kwandon, ya jawo kujera zuwa gefen hagu na gadon, ya zauna.