Ba a Faɗin Wanda Ya Tuƙa

Bev ta ture butar shayi gefe ta shimfiɗa takardar a kan teburin kicin, tana goge ta da tafin hannu. A ƙarƙashin kwandon burodi ta tsince ta, inda mahaifiyarta Hilda ta cusa ta tun farkon mako da fatan kada kowa ya gani.

Takardar daga kamfanin da ke kula da filin ajiye motoci na manyan kantunan bakin gari take. Mu nan mun san irinta sarai. Su ba 'yan sanda ba, su ba hukuma ba, wasu mutane ne kawai da kyamara a kan sanda, amma in ka ga yadda suke ƙawata takardarsu da jan layi sai ka rantse daga kotu ta fito. Sun ce motar Hilda ta zarce awa biyun da aka yarda, ta yi sama da uku, saboda haka fam ɗari, ko sittin in an biya da wuri. Ga hotuna biyu, na shiga da na fita, duk bayan motar da lambarta kawai ake gani.

Hilda ta ce ita za ta biya a wuce wurin. Ai kuwa ba ta san ta tono faɗa ba. Bev ta sha karawa da kamfanonin nan, ta sha kayar da su, kuma ta gwammace a cire mata haƙori da ta ba su ko sisi. Nan take ta jawo waya ta fara karanto wa uwarta yadda ake ƙorafin: a je a ɗauki hoton allunan sanarwarsu, don galibi ƙanana ne ko an rataye su can sama inda sai tantabara ke karantawa, a rubuta da sunan mai mota, sannan babbar ƙa'idar da ko sabon shiga ya sani.

"Ba a faɗin wanda ya tuƙa, Mama. Mai mota daban, direba daban. In suna so su sani, su nemo da kansu."

Sai ta sake duban takardar. Idonta ya sauka kan kwanan watan, ya ɗago ya leƙa ta taga inda tsohuwar motar ke tsaye a ƙofar gida tana ƙyalli, ya dawo kan Hilda.

"To amma ni ba kamfani ba ce. Wa ya fita da motar nan?"

Daga falo ana jiyo Stan, mijin Hilda, yana fito da baki a hankali yana goge takalmansa. Duk tsawon ƙarfinsa a tuƙin bas ɗin gari ya ƙare, ba a taɓa jin ya gogi ko madubin motar wani ba. Bara ciwon mantuwa ya kama shi, likita ya ce ya miƙa lasinsa, ya miƙa. Da Bev ta yi maganar sayar da motar sai ya zauna a matakala yana hawaye, shi ya sa aka mayar da ita sunan Hilda, da inshora da komai, aka bar masa ita yana wankewa duk Lahadi. Da sanyin da ya wuce kuma aka tsince shi a tashar bas da silifas ɗin ɗaki yana neman bas ɗin da zai karɓa ya tuƙa. Tun daga ranar Bev ta kai sunansa gidan kula da tsofaffi na kan tudu, kuma kwanan nan suka bugo cewa ɗaki ya samu. Uwa da 'ya suka yi yarjejeniya a wannan teburin: Stan zai ci gaba da zama a gida, amma in ya sake fita shi kaɗai, magana ta ƙare.

Ba mugunta ce ta sa Bev haka ba, kada a ɗauki alhakinta. Tsoro ne. Ita ce ta zaga gari ranar da ya ɓace, tana leƙa bakin kogi.

Abin da ba ta sani ba shi ne, ran Talatar da ke jikin takardar, Hilda ta tafi wurin likitan haƙori ta bar Stan yana barci a kujera. Ta dawo babu shi, babu mota, babu makulli a jikin ƙusa. Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Ta tsaya a taga da rigar sanyinta a jiki, ko cirewa ba ta yi ba, har can da yamma motar ta shigo layi a natse ta tsaya daidai wurinta. Ya shigo da jajayen idanu ya ce mata, "Na yi ta jira, ba ki fito ba." Nan ta gane inda ya je. Wurin da kantunan suke yanzu, a da masana'antar biskit ce, can ta yi aiki tun tana budurwa har aka rushe ta, kuma duk ranar da ba ya kan aiki shi ke zuwa ɗaukarta a bakin ƙofa. Tun daga ranar makullin a jakarta yake kwana.

Hilda ta gyara zaman kofinta a kan faranti.

"Ni ce," in ji ta.

Bev ta yi dariya, sannan ta ga uwar ba wasa take ba. Hilda rabonta da sitiyari tun Bev na firamare, ranar da ta yi baya ta kwashe shingen makwabta har da furanninsu. Lasin dai tana da shi, ba ta taɓa bari ya mutu ba, amma amfaninsa ɗaya, nuna wa ma'aikacin gidan waya in za ta karɓi saƙo. Yanzu ga ta tana bayani da fuskar gaskiya wai labule ta je dubawa. Da Bev ta tambaye ta wane irin labule ne ke cin awa uku, sai ta ce ita ba ta zaɓen kaya da gaggawa kamar 'yan yanzu.

Bev ta daɗe tana kallonta. Ta ninke takardar ta saka a aljihu.

"To madalla. Tunda kin koma tuƙi, tashi ki kai mu. Hoton allunan nake so."

Da a ce Hilda mai hankali ce a wannan lokacin, da ta faɗi gaskiya. Ta san haka. Amma ta tuna ɗakin nan na kan tudu mai gado ɗaya, ta tuna Stan ba ya iya barci sai ya ɗora ƙafarsa mai sanyi a kan tata, sai ta miƙe ta ɗauko jakarta.

Stan ya ji an ce fita za a yi, ya sa hularsa da takalman da ya goge. A bakin mota ya nufi ƙofar direba, Hilda ta riga shi ta ce yau ita ce direba, shi babban baƙo ne. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce Allah ya kiyaye shingayen unguwa, ya zagaya ya zauna a gefenta. Bev ta shiga baya ta ɗaura bel ta harɗe hannu.

Sau biyu motar na mutuwa kafin su bar ƙofar gida. Hilda ta sake tayar da ita, ƙafarta ta hagu a kan kuloci. Saura kaɗan ta kashe motar ta fashe da kuka sai ta ji muryar Stan, wata murya da rabon da a ji ta a gidan an yi shekara.

"A hankali, yarinya. Kada ki sake shi gaba ɗaya. Saurara, za ta gaya miki da kanta. Yauwa, nan. Yanzu ɗan taɓa totur."

Motar ta gangara titi. Mutumin da jiya ya sa madara a cikin akwatin takalma, yau shi ne ke cewa duba madubi, ba da sigina, bar wa mai keken nan hanya. A babban shataletale Hilda ta rikice ta zagaya sau biyu, wani saurayi a farar mota ya danna musu hon. Stan ya ce ta rabu da shi, irinsu ya ɗauka a bas suna kuka da majina. Har Bev sai da ta yi murmushi a baya, ta yi saurin kawar da kai. Ana yayyafi, shi ne ya miƙa hannu ya kunna mata abin share gilashi ba tare da ya duba ba.

Suka shige ta ƙarƙashin kyamarar nan mai sanda. Ranar Asabar ce, fili ya cika, mutane na tura kekunan sayayya cikin ruwa. Hilda ta hango wani gurbi mai faɗi ta nufe shi da murna, Stan ya ce a'a, ta ci gaba, can ƙarshe kusa da kantin abincin karnuka. Ta bi maganarsa don ba ta da ƙarfin gardama. Da ta tsaya, a karkace, ta ci rabin layin wani, Stan ya jinjina kai.

"Nan ne ake ganin ƙofa sosai," ya ce.

Bev ta leƙo tsakanin kujeru. "Wace ƙofa, Baba?"

"Ta ma'aikata mana. Ta nan suke fitowa, duk suna ƙamshin sukari." Ya nuna bangon kantin, inda babu komai sai kwandunan shara. "Ran nan ma nan na tsaya. Na jira, na jira, uwarki ba ta fito ba. Na ce ko na yi mata laifi ne."

Hilda ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba, kunnuwanta sun yi zafi. Ta ji ƙofar baya ta buɗe ta rufe.

Ta madubi ta riƙa hango 'yarta tana bin allunan ɗaya bayan ɗaya. Na farko reshen bishiya ya rufe rabinsa, Bev ta ɗauke shi ta gaba, ta ɗauke shi ta gefe. Na biyu yana can sama da rubutu ƙanana. A gindinsa ta tsaya ta ba motar baya, wayar a ɗage amma ba ta ɗaukar komai, kafaɗunta na motsi. Ta daɗe a haka, ruwa na sauka a kanta. Tausayinta ya kama Hilda har ya fi tsoron da take ji, don ita ma wannan baban nata ne, ita ma rasa shi take yi kullum da kaɗan-kaɗan.

Da Bev ta dawo ta zauna, ta share fuska da hannun riga ta ce ruwan nan ya ishi mutum. Ta buɗe shafin kamfanin a waya ta fara rubutu tana karantawa a fili, da muryar nan tata ta faɗa da kamfani: alluna a ɓoye, rubutu ba ya karantuwa daga cikin mota, ga hotuna. Sai ta iso inda ake tambaya ko mai ƙorafin shi ne direba ko kuwa mai mota ne kawai. Yatsanta ya tsaya.

Hilda ta buɗe baki. "Bev, ni dai..."

"Mama, me na ce miki da safe?" Ta danna gurbin mai mota. "Ba a faɗin wanda ya tuƙa."

Ta aika. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce makulli ya ci gaba da zama a jaka, kuma duk ranar da Hilda za ta fita, ko wurin likita ko ina, a kira ta ta zo ta zauna da shi, babu ɓoye-ɓoye kuma. Mutanen kan tudu za ta buga musu ran Litinin ta ce su ba wani ɗakin. Ta ce ba ta yi alkawarin har abada ba. Hilda ta ce ta sani. Bev ta ƙara da cewa a nemo mai koyar da tuƙi na gaske, don abin da ta gani a shataletale ba za ta sake shiga ba ko da kuɗi.

Stan bai ji ko ɗaya ba. Tun ɗazu idonsa na kan bangon nan, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana miƙa wuya duk lokacin da wata mata ta gifta. Hilda ta ce masa za su tafi gida. Bai motsa ba. Ta ɗora hannunta a kan nasa.

Ya waiwayo a hankali. Ya dubi hannun, ya bi shi da ido har zuwa fuskarta, sai fuskarsa ta washe gaba ɗaya.

"Au, kin fito?"

"Na fito."

"Yau kin daɗe, yarinya."

"An riƙe mu ne," in ji Hilda. "Ka yi haƙuri."

Ya ce ba komai, ai shi bai gaji ba. Ya mayar da hularsa, ya gyara zama, ya ce ta duba madubi kafin ta yi baya.