Ramin Tamul

Dimbeswar ya kai zurfin gwiwa da haƙa kafin warin ya taso. Ya durƙusa ya yaye ganyen ayaba, ga tamul ɗin nan a kwance, ƙwayar da ake taunawa kamar goro tana rina haƙora, ɓawon ya yi baƙi. Wata huɗu ke nan da ya binne su don su tsumu, duk daga bishiyar da ya dasa ranar da aka haifi 'yarsa Riniki.

Matarsa Kunjalata ta leƙo daga madafa, ta ce gara da ya tone, in ya ƙara mako ɗaya sai dai ya yi taki da su, kamar na bara. Riniki yake ajiye wa. Bara ma ta ce tana tafe bikin shekara, asibitin da take aikin jinya a Chennai ya hana ta hutu.

Rashin hutun bai dame shi kamar hoton da ta aiko ba. Haƙoranta farare fat. Yarinyar da tun tana makaranta take satar masa tamul a aljihu. Wanda ya bar tauna, a ganinsa, ya fara barin gida.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Riniki ce. Ta tambayi ciwon gwiwarsa, ta tambayi saniya, amma ba ta ambaci zuwa ba. Ya gane. Bikin bana ma ba da ita ba.

"Ba komai, uwata," ya ce. "Ai ke yanzu kin zama Baturiya, warin ramina ma sai ya sa ki amai."

"Baba, a ramin kake?"

Ya ce e.

"Na nan busasshe ne, kamar tsakuwa. A banɗaki nake ɓuya in tauna, in goge baki kada shugabarmu ta gani." Sannan ta ce, "Fasa ɗaya in ji."

Ya ɗauki wuƙa, ya kara wayar kusa da tamul ɗin, ya raba ƙwaya ɗaya biyu. Ya shafa alli a ganyen da ake taunawa da shi, ya naɗe, ya sa a baki. Ta saurara har ya tofar.

Da suka gama, Kunjalata ta kawo kwandon kasuwa. Ya cika shi rabi, ya mayar da ganyen ayaba kan sauran.

"Baban Riniki, ta ce tana zuwa ne?"

"Ba ta ce ba," ya ce, ya ci gaba da tura ƙasa.