Ƙarfen Wuyan Manu

Da saukar damina magana ta bazu a tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo, wai Manu ya dawo daga asibitin Sakkwato da ƙarfe a wuya, ƙarfen kuma yana jan tsawa. Duk wanda ya hau bayansa hadari ya taso a hanya, wai tare za a kwashe su. Kwana goma sha biyu yana jingine da mashin ƙarƙashin dogon-yaro, ko buhun gero ba a ba shi ya kai Kende ba.

Hajiya Safina ta ji labarin a gidan suna. Shekara talatin da huɗu ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, Manu kuwa ɗan ajinta ne tun yana yawo ba takalmi. Ta koma gida ta ciro maganaɗisu daga tsohuwar rediyo, ta ƙulle a gefen mayafi, ta nufi tasha.

"Manu, taso in ga wuyan nan da aka ta faɗi."

"Malama, ke ma?"

"Ni ma. Mi anka yi maka?"

Ya nuna mata tabo siriri a gefen maƙogwaro. Ya ce shekarun dako da ya yi kafin ya sayi mashin su suka cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa, har wuri uku, ƙashi ya danne jijiya. Hannuwa suka dinga mutuwa, birki ma ya gagare shi matsewa. Likitoci suka cire abin da ya lalace, suka haɗe ƙashi huɗu suka ɗaure da ɗan ƙarfe da kusoshi. Wata biyar ya yi a gida kafin a ce ya koma aiki.

Ta manna maganaɗisun a tankin mashin, ya kama. Ta manna a wuyansa, ya faɗo ƙasa.

"Wanga ba shi nuna komi game da tsawa," in ji wani direba mai suna Ango.

"Gaskiyarka, ba shi nunawa. Amma kai da kake zaune bisa ƙarfe tun safe, da makullai cike da aljihu, wa ya guje ka? Manu, tada mashin. Tsamiya za ni."

Gabas ta riga ta haɗe baƙi ƙirin. 'Yan tasha suka miƙe suna kallo, wani yana cewa a tuna wa Hajiya tana da jikoki.

Ruwa ya same su a hanya. Aka yi walƙiya, aka yi tsawa, Manu yana ta salati, ita tana riƙe da mayafinta. Ba abin da ya faru sai jiƙewa. Amma kusa da kan iyaka, inda ya zo zai kauce wa rami, ya karkata hagu ba tare da ya duba baya ba. Wata motar kaya ta wuce su da ham, iskarta ta kusa kayar da su.

"Tsaya!" Ya tsaya, ta sauka. "Ba ka ganta ba?"

"Wuyan ba shi kai can, Malama. Sai na juyo da kafaɗa duka."

Ta dubi kan mashin. Ramuka biyu ne kawai inda madubai suke zama.

"Ina madubanka?"

"Haba Malama, wa ka aiki da madubi? Ran da mutum ya sayi mashin yake kwance su. Sai a ce sabon koyo ne ni."

"Su suna da wuyan waiwaye. Kai fa?"

A Tsamiya ta tsaya a kan bakanike har ya ɗaura biyu, ta sa Manu ya gyara su sai da ya hango ta tsaye a bayansa ta kowane gefe.

Da la'asar suka shigo tashar Bagudo sharkaf. Aka yi ta dariyar madubai, Ango yana tambaya ko kwalli zai dinga sawa a hanya. Wata mai tallar nono dai ta dubi Hajiya da ranta da lafiyarta, ta hau bayan Manu, ta ɗora ƙwaryarta a cinya ta ce a kai ta Bahindi.

Ango ya matso. "To Hajiya, mi kika gano?"

Ta matse ruwan mayafinta. "Ƙarfen ba shi jan tsawa. Waiwaye ne Manu ba shi iyawa."