Sarauniyar da Ba Ta Kiran Suna

…kuma har da gyaran murya, kamar mai tafsirin azumi. "Cale, abokaina, ku saurara, na gano asirin!" Mutala ke nan a guruf ɗinsu na WhatsApp. Mai sayar da caja a Salaga ya gano asirin Turawa. Allah mai iko.

Rafi'atu tana zaune kan buhun doya a tashar Yendi, waya a kunne, baki a taɓe. Shirin nan ne dai na sarakunan teku, da ɗan masuncin da kowa ya rantse ba masunci ya haife shi ba. To wa? A guruf, Jalil ya ce aljanin ruwa, tunda bai taɓa nutsewa ba, jarumin fim kuma, ta yaya zai nutse? Fadlullah ya tsayar da hoto yana gwada kunnen yaro da na sarki. Kunne! Gemai-gemai da su…

Shi kuwa Mutala: wai sarauniya ce uwarsa. Hujja? "Tun farkon shirin bai taɓa fita bakinta ba, sunansa. Kai yaro, kai yaro. In ya shigo ta kau da kai. Kunyar ɗan fari ne, wallahi!"

Baturiya da kunyar ɗan fari! Mutanen da ke sumbatar 'ya'yansu a tsakiyar titi. Marubucin yana can cikin ƙanƙara, shi ya san alkunya? Bari ta ɗauki muryar Mutala ta mayar masa, har da jan hancin nan nasa, guruf ya mutu da dariya…

"Bawku! Bawku!"

'Yan kamasho su yi ta kira. Doya za ta tafi, ita ba za ta ba. A ba direba, ta juya Salaga. Wai Gwaggo Salimatu ta Bawku, yayar Baba, tana kwance rai a hannun Allah, wai ta ce a turo mata — a turo wa? Ko nan ba ta iya faɗa ba. "Yarinyar nan." Matar da ko sau ɗaya… Issah, zo. Na'imatu, zo. Ƙannen Rafi'atu kowa da sunansa. Ita kuwa? "Ke." "A ce wa waccan ta ci abinci." Ido a bango, kamar an ajiye mata kashi a gaba. Ai ta iya kwaikwayonta tsaf, wuyan nan a karkace, leɓe a tsuke. In ta yi a tsakar gida yara har birgima suke. Mma, uwarsu, ita kaɗai ce ba ta dariya. Rannan ma tashi ta yi ta shige ɗaki, ta bar tuwo a wuta.

Mma da ke kwaɗa mata kira tun daga bakin rijiya. Rafi'atuuu! Duk zango na ji. Har tsohuwar maƙwabciyarsu ta taɓa cewa, "Ke ba kya kunyar 'yar fari?" Mma ta ce zamani ne. Zamani. Ta faɗa tana kallon ƙasa.

Shirme. Cutar Mutala ce ke neman kama ta. Wannan fa mai caja ne…

Atamfar sallah daga Bawku, kowace shekara, tata ta fi ta kowa. "A ba yarinyar." Lokacin ƙyanda — ta farka jiki kamar garwashi, wani na mata fifita, hannu mai ƙamshin man kaɗe a goshinta. Ta buɗe ido. Gwaggo ta kau da kai.

Ta kau da kai.

A'a. Ƙiyayya ce. Ƙiyayya ce mana, tun tana ƙarama ta san… wa ya ce mata ƙiyayya ce? Wa ya taɓa cewa?

"Bawku, saura mutum ɗaya! Hajiya, ke ce ko doyar ce?"

Yatsanta na kan maɓallin ɗaukar murya, jan ɗigo yana ƙiftawa. Muryar Mutala ba ta zo ba. Ta Gwaggo ma ba ta zo ba. Tata ma…